Raƙuman dawan Gadabeji namu ne, mu daina jiran motar nasara

Jama'ar Ɗan Gulbi! Akwai wata magana da ake yawan yi a fadodinmu wajen shan shayi, kuma ta ishe mu. Da an ambaci yawon buɗe ido sai wani ya ce: "Ai wannan aikin nasara ne, tun da sun daina zuwa magana ta ƙare." Mu dai ba mu yarda ba.

Gaskiya ne, dattawanmu da suka yi ci-rani a Agadas da Arlit suna ba da labarin turawa masu tsallako hamada daga Tamanrasset cikin manyan motoci masu ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa, su kwana inda dare ya yi musu. Zamanin tseren Paris-Dakar ke nan. To, wannan zamani ya wuce. Tun 2009 tseren ya bar Afirka. Ranar 9 ga Agusta 2020 kuma aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, a wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa. Allah ya jiƙan ƴan uwanmu. Wanda ke jiran waɗancan motoci su dawo bana ko baɗi, zai daɗe a bakin hanya.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko lokacin da suke zuwa me muka samu? Mai mota da gadonsa da abincinsa na gwangwani ba ya kama ɗaki, ba ya sayen tuwo. Ƙura ya tayar, ya ɗauki hoton yaranmu, ya wuce. Agadas ta ci moriya, ba mu musu. Ƙasar Dakoro fa?

Ga abin da ke ci mana rai. Arewa da mu, a ƙasar Barmo wadda a dā cikin Dakoro take, akwai gandun dajin Gadabeji. Tun 1955 aka keɓe shi, faɗinsa eka dubu 76 a ma'aunin hekta, kuma a 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa. Raƙuman dawa sun ɓace a can lokacin farin shekarun 1970. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauko guda takwas daga Kure cikin kamiyo, tafiyar kusan kilomita 800, aka sake su a Gadabeji. Irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai ya rage a daji, duk duniya. Yanzu ku shiga kowace lakwal a kominmu ku tambayi yara wa ya taɓa ganinsa da idonsa. A littafi suke ganinsa, kamar dabbar Kenya! Wallahi abin kunya ne gare mu iyaye.

Mun san abin da za a ce: ana fama da hatsi, wa ke ta yawo? Ba mu raina wannan ba, mu ma daga rumbu ɗaya muke ci. Amma bayan kaka kuɗin ƙwallo da na biki da na kati a waya ba sa gagara. In iyayen aji ɗaya suka haɗa jika-jika, aka ɗauki hayar mota guda, aka yi guzurin fura da ƙuli-ƙuli da tabarmi, an gama. Ba sai da mota mai gado ba, mu da muka saba kwana a gona. Kuma kuɗinmu a hannun direbanmu da mai nonon ruga zai tsaya.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, kuma ba mu ce kowa ya kwashi ƴaƴan mutane ya faɗa daji da ka ba. Shi ya sa muke kiran hukumar kominmu da shugabannin makarantu da ƙungiyar iyayen yara: ku tuntuɓi ma'aikatan gandun daji da hukumomin Barmo, a ji lokacin da ya dace da hanyar da za a bi, da wanda zai yi rakiya. In sun ce bana ba hali, a fito a faɗa mana dalili, mu ji daga bakinsu.

Hutun ƙarshen Disamba yana tafe, lokacin sanyi, hanya ta bushe. Aji ɗaya kawai muke roƙo a fara da shi, ƴan CM2, kuma mu masu wannan rubutu mun ɗauki kuɗin man zuwa.