Kafin a Rataya Na'ura a Bango, a Ɗaga Kai a Dubi Rufi

A 'yan shekarun nan babu na'urar da Turai ke yi wa kirari kamar wadda ake iya kira famfon zafi. Ba ta ƙona gas, ba ta ƙona itace; zafi take kwasa daga wani wuri ta kai wani, kamar yadda famfo ke janyo ruwa daga rijiya. Lokacin sanyi ta janyo ɗumin da ke cikin iskar waje ta shigar da shi ɗaki, lokacin zafi ta juya ta fitar da na ɗaki. A garuruwan bakin teku irin su Lisbon, inda sanyi ba ya tsananta, ma'auni ɗaya na lantarki kan kwaso uku zuwa huɗu na ɗumi. A Norway ma, duk da ƙanƙararta, fiye da rabin gidaje da ita suke ɗumama ɗaki.

Labarin ya iso Sakkwato ta intanet, kuma an fara jin wasu 'yan boko na cewa maganin bazara da hunturu ya samu a na'ura guda. Abin da ba su lura da shi ba shi ne cewa na'urar ba baƙuwa ba ce. Na'urar sanyaya ɗaki da ke maƙale a bangon ofisoshin ƙananan hukumomi, da firijin mai shago, duk famfon zafi ne, sai dai gefe ɗaya suke aiki. Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan ofisoshi a watan Afrilu ya san yadda ta kaya: na'ura a bango, ƙura ta toshe ta, ma'aikata kuwa suna gindin dalbejiya da fayil a cinya.

Dalilin farko na kimiyya ne. Ƙarfin famfon zafi ya dogara da tazarar da ke tsakanin ciki da waje. Idan tazarar ƙarama ce, aikin banza ne a wurinsa. A Wurno, Rabah da Goronyo kuwa zafi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, don haka na'urar kan ci wuta da yawa ta ba da sanyi kaɗan, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa suka raba ta aji-aji: mai alamar T1 ana gwada ta ne a digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. Ɗan kwangilar da ya sayo mai T1, ko ta hannu da aka sauke daga wata ƙasa, ya kai ta asibitin Goronyo, ya sayo wa mai rauni takalmin da ba nasa ba ne. Jami'in da ya sa hannu bai duba alamar ba shi ma yana da kasonsa na alhaki.

Na biyu, wutar. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Matsakaiciyar na'ura tana jan kilowat ɗaya da ɗan wani abu. Idan ta yi awa goma tana aiki kowane dare, kuɗin wata ya haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar. Wannan ma ga wanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 ne a rana, alƙawarin da mutumin Rabah ke ji a rediyo. Sauran jama'a sai janareta, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ga kuma makanikin da zai zo gyara daga Sakkwato, wanda sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya hau hanyar da 'yan bindiga suka addaba.

Amma babban laifin yana kan ginin kansa. An yi watsi da soro mai kaurin bango, wanda ke riƙe zafin rana har dare ya yi, aka koma bulon siminti mai rami da kwano ba silin, aka tsaga manyan tagogi suna kallon yamma, aka sare itatuwan filin don motoci su samu wurin tsayawa. An gina tanda, sannan ana neman na'urar da za ta yi faɗa da ita. Magina na zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno ba su san kalmar digiri ba, amma sun san inda rana ke faɗuwa, sun san amfanin zaure da azara da makuba.

Za a ce soro yana zuba da damina, kuma yaɓe duk shekara wahala ne. Gaskiya ne, kuma an daɗe da samun amsa. Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001 da bulon ƙasa da aka matse, ya ɗaga kwanon sama da silin yadda iska za ta ratsa ta tafi da zafi. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar an kammala masallaci da ɗakin karatu da irin wannan bulo a 2018. Yanayin can da na gabashin Sakkwato ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ga kuma wata dama da mutanen bakin teku ba su da ita: iskar bazara busasshiya ce, don haka na'urar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen abu, dabarar randa ke nan, tana sanyaya ɗaki da wutar da ba ta wuce ta fanka da yawa ba, har zuwa saukar damina. Ruwa kuwa ba zai gagari garuruwan da ke kan fadamar Rima ba, ƙarƙashin madatsar Goronyo.

Akwai inda famfon zafi mai juyawa ya cancanci kuɗinsa. Ɗakin haihuwa na asibitin karkara yana buƙatar sanyi a Afrilu, yana kuma buƙatar ɗumi a daren Janairu, lokacin da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, abin da ke jawo gobara da shaƙar hayaƙi duk hunturu. Ɗaki ɗaya mai silin da inuwa, na'ura mai T3 da inbata, farantan sola a kai, da ma'aikacin da aka koya wa wanke matatarta duk mako: wannan kwangila ce da za a iya karewa a gaban kowa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan cikin Sakkwato, kuma aunon irin wannan ɗaki aikinta ne. Kwamishinan da ya ga takardar sayen na'urori ashirin ga ginin da ba shi da silin, ya mayar da ita, ya nemi a kawo masa kuɗin silin tukuna.