Matasa masu aikin alƙalami kyauta: ina amfaninsu ga ƴan kasuwa?

Ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2025 ne shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa da aka gudanar a Yamai cikin watan Fabrairun shekarar 2025. Daga cikin abubuwan da kundin ya ƙunsa akwai wanda ya fi jan hankalin jama'a, wato ɗaukar Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma su zama harsunan aiki. An tafka muhawara a gidajen rediyo da majalisun shayi, wasu na murna, wasu na tambayar ina matsayin Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. To amma duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san cewa takardar patanti, da ta duwan, da ta bashin banki, da ƴar takardar da ke cikin kwalin magani, galibinsu da Faransanci suke zuwa hannun ɗan kasuwa. Doka ta faɗi nata, saura masu rubutawa.

A wannan gurbi ne wasu matasa suka shigo da alƙalaminsu. Akwai ɗaliban jami'o'in Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, akwai malaman lakol, akwai ƙananan ƴan jarida. Wani ya fassara sanarwar rigakafi, wani ya rubuta wa ƙungiyar matan unguwarsu dokokin asusunsu, wata ta tsara wasan kwaikwayo kan auren wuri, wani kuma aikinsa ya bi bayan abin da aka rubuta ya gyara. Duk wannan aikin sa-kai ne, babu albashi, sau da yawa ma kuɗin intanet daga aljihunsu yake fita.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Wikipedia, kundin sani na intanet da aka kafa a shekarar 2001, wanda ba a biyan masu rubuta shi. Sashensa na Hausa ya tara dubun dubatan bayanai, kuma yawancin masu rubutun da masu gyaran matasa ne daga maƙwabciyarmu Najeriya. Haka nan akwai ƙungiyar tafintoci ƴan sa-kai da aka kafa a Faransa a shekarar 1993 da sunan Traducteurs sans frontières, wadda daga baya ta yi aiki a yankin Maiduguri, inda ake mayar wa ƴan gudun hijira bayanan agaji da na lafiya cikin Hausa da Barbarci. Dalilin aikin nasu a bayyane yake: in an kawo taimako amma bayaninsa na cikin harshen da mai karɓa ba ya ji, rabinsa zubewa yake yi a hanya.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun a shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs, inda masu wayar da kai ke tara mutanen gari a saurari shiri, a tattauna, a naɗi muryoyin manoma a mayar wa gidan rediyo. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta buga jaridar Ganga da wasu ƙananan jaridun karkara domin waɗanda suka koyi karatu su samu abin karantawa. A shekarar 1973 aka buɗe lakol ta farko ta gwaji a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa. Su Yazi Dogo kuwa sun nuna cewa wasan kwaikwayo da harshen gida yana isa inda jawabin minista ba ya kaiwa. Amma da yawa daga cikin waɗancan jaridu sun kwanta da zarar kuɗin masu tallafi ya ƙare, kuma wannan darasi ne ga matasan yau.

Mai karatu zai iya cewa, ni da ke sayar da tattasai da daddawa, me ya haɗa ni da marubuta? Alƙaluman hukumomin duniya na nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata ne suka fi yawa cikin waɗanda ba su iya ba. Ke nan yawancin masu dangwala yatsa a kan takardar bashi ba su san abin da ke cikinta ba. Wata rana wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta same ni a bakin gidan rediyonmu da takardar wani asusun ba da lamuni. An gaya mata ruwan kuɗin kashi 2 cikin 100 ne, ta ɗauka na shekara ne, alhali takardar ta ce kowane wata. Sai da biya ya yi nisa ta gane. Da an haɗa mata da rabin shafi na Hausa, ko ɗanta na aji shida zai karanta mata kafin ta dangwala.

Ga kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka soma a jahar Maraɗi a shekarar 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, tsarin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya. Da farko da ka mata ke riƙe lissafin zubi da na bashi, kowace na shaidar ƴar'uwarta. Hakan na tafiya daidai muddin kuɗin kaɗan ne. Idan asusu ya girma har ana neman takardar amincewar hukuma ko buɗe ajiya a banki, dole sai an rubuta dokoki da sunaye da rahoton taro. Yarinyar da ta yi lakol ta zauna ta rubuta wa iyayenta mata wannan cikin harshen da za a karanta a gaban kowa a ce an yarda, ta yi aikin da ke hana rigima ta raba ƙungiya.

Sai dai kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa, kuma a nan ne aikin mai gyara yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mu ɗauki lissafin kuɗi. A takardar Faransanci ana rubuta 500 F. Matashin da ya fassara shi kai tsaye zai rubuta ɗari biyar. To amma a kasuwanninmu da dala ake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar ce, saboda haka 500 F ɗari ce, mai jin ɗari biyar kuwa jika biyu da rabi za ta fahimta. Marubucin Kano ko Zariya, komai ƙwarewarsa, ba lalle ne ya san wannan ba. Haka yake ga kalmomi irin su lakol da duwan da patanti, waɗanda a can suke makaranta da kwastan da haraji. Kuskure irin wannan a sanarwar farashin taki hasara ce, a bayanin shan magani kuwa yana iya zama ajali. Shi ya sa ya kamata kowane rubutu ya bi ta hannun mutum na biyu, sannan a karanta wa wanda aka yi dominsa a ji me ya gane.

Akwai kuma maganar ƙa'idar rubutu. Tsofaffin ɗaliban yaƙi da jahilci na tune da lokacin da ake ninka wasula, a rubuta kaasuwaa maimakon kasuwa. An yi taro a Yamai a shekarar 1980 domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, kuma a shekarar 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar da ake bi a ƙasarmu. Duk da haka, a saƙonnin salula kowa da nasa: wani ya rubuta tchiniki da koudi irin na Faransanci, wani ya rubuta ciniki da kuɗi. Matashin da ke son aikinsa ya amfani jama'a sai ya nemi wannan ƙa'ida, ya riƙe ƙamus irin na Abdou Mijinguini kusa da shi. Kuma tun da yawancin mata ƴan kasuwa saƙon murya suke saurare a WhatsApp, duk abin da aka rubuta aka gyara ya dace a karanta shi a naɗa. Mu ma a rediyo, sanarwar da kuke ji sai an rubuta ta an duba kafin mai gabatarwa ya buɗe baki.

Babbar matsalar ita ce ɗorewa. Ɗalibi yana da lokaci yau, gobe ya yi aure, cefane ya hau kansa, alƙalami ya koma aljihu. Hausawa na cewa ba a raba hanta da jini, haka aiki da abin sawa a baka. Bai kamata hukumomi da manyan ƙungiyoyi masu kasafin kuɗi su jingina da aikin kyauta ba. In har an ɗaga darajar harshe a kundin ƙasa, to fassara takardun haraji da na asibiti da na shari'a aiki ne na ma'aikata masu albashi, da Hausa da sauran harsunan ƙasar nan, kuma waɗannan matasa ne ya dace a fara dubawa in an tashi ɗauka.

Su ma ƴan kasuwa suna da abin yi. Ƙungiyar ƴan tireda ko ta masu hatsi ko ta mahauta za ta iya ware ƴan jikkuna a wata ta ɗauki matashi guda ko biyu, su riƙa mayar mata da duk sanarwar magajin gari da ta duwan cikin Hausa, a manna a ƙofar kasuwa, a kuma aika da murya. Alhazan da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, za su iya biyan kuɗin buga ƙaramin littafin lissafin ciniki. Ke kuma uwar gida, kafin ki dangwala yatsa a kan kowace takarda, ki nemi a karanta miki ita da harshenki, a faɗa miki kuɗin da jika da dala, a gaban mai shaida. Wanda ya ƙi yi miki haka, ki ɗauki jakarki ki tashi.

Allah ya yi wa matasanmu albarka, ya sa wa kasuwanninmu albarka, amin.