Filin Masu Mota: Gyaran Ƙafar Tsohuwar Fijo Doguwa

A unguwar Limawa ta birnin Minna ba a rasa magidancin da ke riƙe da tsohuwar Fijo 504 doguwa, wadda ta yi hidimar gida ta kuma yi ta haya. Irinta aka yi ta haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975. Ke nan ko autarsu ta daɗe da ba shekara 15 baya. Injinta yakan jure, amma ƙafa ita ce ke fara gajiya, sai a ga motar tana lilo bayan ta faɗa rami, tana karkata a kwana.

Maganin da wasu ke yi kuwa ya fi cutar muni. Sukan cusa guntayen taya a tsakanin zoben sifirin, ko su ɗaura sifirin na babbar mota, domin baya ya ɗaga a ƙara lodi. Lalle motar takan yi tsayi, mai ita ya ji daɗi. Amma nauyinta ya koma sama, sifirin ya daina lotsawa, taya ta riƙa tsalle maimakon ta manne da kwalta. Taya kuwa in tana sama, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. A hanyar Bida ko ta Suleja, da mutum bakwai a ciki, wannan ganganci ne da rayukan jama'a.

Ita doguwar 504 sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, watau an riga an yi mata tanadin kaya tun daga Faransa. In sun kwanta, irinsu za a nemo, a canja su gaba ɗaya.

Gwajin shokozoba ba shi da wuya. A danne kusurwar motar da ƙarfi a saki. In ta yi ta rawa, ko aka ga mai yana tsatsowa a jikinsa, to ya mutu. Biyu-biyu ake canja shi, hagu da dama, domin sabo da tsoho ba sa tafiya tare. Daga nan a duba robobin ƙafa da na sandar da ke hana mota karkata, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Sai an gama duk wannan ake kai ta a daidaita tayoyin gaba, a kuma auna iska da safe kafin taya ta yi zafi.