A Buɗe Manhajar Hasashen Damina Masana Su Tantance

A farkon kowace shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, wadda aka kafa bisa doka a 2003 take kuma da hedkwata a Abuja, takan bayyana hasashen damina: lokacin da ruwa zai sauka, da lokacin da zai ɗauke, da wuraren da ake fargabar fari. Manomin Kwali ko na Bwari da ya ji wannan a rediyo har ya binne irinsa, ya jingina abincin gidansa na shekara ne ga lissafin da bai gani ba.

Irin wannan lissafi kuwa manhajar kwamfuta ke yinsa a yau. Ita ke tattara alƙaluman ruwa da zafi na shekaru masu yawa, ta tace su, ta fito da sakamako. In aka sami kuskure a layi ɗaya na rubutunta, to duk abin da ta haifa ya gurɓace, kuma ba mai ganewa muddin rubutun yana kulle.

Akwai magani. Tun 2016 mujallar masana mai suna JOSS take buga manhajojin bincike waɗanda aka buɗe rubutunsu ga kowa. Kafin a buga, sai wasu masana sun sa manhajar a na'urarsu, sun gwada ta, sun bayyana aibinta a fili, mai ita ya gyara. Haka nan manhajar Climsoft, wadda ƙasashen Afirka da dama ke adana bayanan yanayi da ita, a buɗe take, ba a sayar da ita.

Mu da muka gaji labarin farin 1973, muka kuma ga ambaliyar 2022 wadda ta ci rayuka fiye da 600, bai kamata mu ɗauki wannan batu da wasa ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta wajabta cewa duk manhajar yanayi da aka rubuta da kuɗin jama'a a buɗe ta, a miƙa wa masana su tantance. Jami'o'inmu kuma su lissafa irin wannan aiki cikin wallafe-wallafen da ake ƙara wa malami girma da su, don kada mai basira ya ɓoye abin hannunsa. Gani ya kori ji, kuma mai gaskiya ba ya tsoron a duba mudunsa.