Da a ce Ɗan Baskore ya ci Katsina

A fadojin shayi na Yamai, in Maraɗawa suka haɗu, akan yi gardamar nan: da Ɗan Baskore, sarkin Maraɗin da ya sha kai yaƙi har ganuwar Katsina, ya ƙwato birnin, wa ke bisa gadon yau? Wasu na kiranta zancen banza. Ni ban yarda ba. Masu jihadi sun ci birnin a 1807, gidan Korau ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai gadon can, don ba su taɓa sallama haƙƙinsu ba. Su Dallazawan da suka gaji gidan Korau a Katsina bayan jihadi ma, ai Turawan Ingila sun tuɓe su a 1906, suka naɗa Muhammadu Dikko, Basulluɓe. Gida uku ke nan, kowane da hujjarsa. Abin da ke damuna, yaro a Yamai zai lissafa maka sarakunan Faransa, amma tambaye shi dalilin da Katsina ke da sarki biyu, ɗaya a Nijar ɗaya a Najeriya, sai ya yi shiru. Gardamar nan kaɗai ke tilasta masa neman amsa wurin tsofaffi da maroƙan fada.