Kimiyya a Sauƙaƙe: Ɗan aiken da kwalara ke hana shi komawa zaure



Damina ta kankama, kuma duk wanda ya yi wayo a shekarar 2021 bai manta da yadda cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ratsa Jigawa ba. A shekarar, hukumar NCDC ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaya aka yi ƙato mai jini a jika yake kwanciya da safe, kafin magariba ruwan jikinsa ya ƙare? Amsar tana wurin wani ƙanƙanin abu da muka karanta a wannan zango a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ana ce masa furotin G.

Mu ɗauki ƙwayar halitta a matsayin gida irin namu na gargajiya. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida. Yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, dattijon da ke zaure ya amsa, sannan ya tashi yaro ya kai saƙo ciki. Baƙon shi ne sinadarin da jini ya ɗauko, dattijon shi ne mai karɓar saƙo da ke jikin fatar ƙwayar, yaron kuwa shi ne furotin G.

Yaron nan sassa uku gare shi: alfa, beta da gama. Idan yana hutawa, alfa na riƙe da wani sinadari mai suna GDP. Da zarar an yi sallama, sai ya saki GDP ya ɗauki GTP, ya rabu da 'yan'uwansa biyu, ya je ya isar da saƙo. Bayan ɗan lokaci shi da kansa yake mayar da GTP ɗin ya koma GDP, ya dawo zaure ya zauna. Ku riƙe wannan dawowar, domin a kanta zancen yake.

Ga misali. Ka yi latti, ka hango malamin horo a bakin ƙofar makaranta riƙe da bulala, gabanka ya faɗi. Sinadarin adirenalin ne ya fito daga saman ƙoda ya yi sallama a ƙwayoyin zuciya, furotin G ya kai saƙo aka ƙera wani sinadari mai suna cAMP, bugun zuciya ya ƙaru. Ƙanshin tsire da ganin hasken fitila ma ta irin wannan hanya suke bi. Jikin ɗan Adam na da masu karɓar saƙo irin wannan kusan nau'i 800, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kansu suke aiki. Gano furotin G ne ya sa aka ba wasu Amurkawa biyu, Alfred Gilman da Martin Rodbell, kyautar Nobel a 1994.

To, me kwalara ke yi? Ƙwayar cutar na shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta saki dafi a ƙaramin hanji. Dafin yakan shiga ƙwayoyin hanji ya lalata alfa, ya kasa mayar da GTP zuwa GDP. Yaro ya shiga gida ya kasa fitowa, yana ta nanata saƙo ɗaya. Sai cAMP ya yi yawa, ƙofofin gishiri su buɗe su ƙi rufuwa, gishiri ya malala cikin hanji, ruwa ya bi shi. Idan cutar ta tsananta, mutum na iya zubar da kusan lita ɗaya a awa guda, zawon kamar ruwan da aka wanke shinkafa.

Amma akwai ƙofar da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da sukari da gishiri tare, ruwa ya biyo su. Sirrin ruwan gishiri da sukari na ORS ke nan. Ba ya kashe ƙwayar cutar, yana mayar wa jiki abin da ya rasa ne. Saboda haka idan wani a gida ya fara irin wannan zawo, a narka ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba shi yana kurɓa, a kuma garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Tsirrai ma suna da nasu ɗan aiken. A 1999 masu bincike a Japan suka gano cewa wata gajeruwar shinkafa mai ƙananan ƙwayoyi ta zama haka ne saboda alfa ɗinta ba ya aiki. Wani nau'in gama da ake kira GS3 kuma yana cikin abubuwan da ke tsara tsawon ƙwayar shinkafa. Furotin G na taimakawa wajen rufe ƙananan kafofin ganye idan ruwa ya yi ƙaranci. Manomin shinkafa a kwarin Haɗeja da mai gero a Kiyawa duk wannan ilimi ya shafe su, domin da irinsa masana ke neman iri mai yabanya da jure fari.

Rigakafi ya fi magani. Mu tafasa ruwan sha, mu wanke hannu da sabulu, mu kuma yi wa iyayenmu bayanin ORS da ladabi.

Tambayar mako: me ya sa ake haɗa sukari a ORS, ba a bar gishiri shi kaɗai ba? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.