Malam Ba Ya Zama Aji Ɗaya

Abu na farko da ake cusa wa mai koyon rubuta manhaja shi ne maimaita layi haramun ne. In suna da lambar waya sun fito a wuri uku, sai a ƙirƙiri uba guda, a kira shi "Mutum", sauran su gaje shi. Kayan aikin rubuta manhaja irin su Hibernate da Django da Doctrine duk sun buɗe wannan ƙofa, matasanmu kuwa suna faɗawa ido rufe.

Ni ban yarda ba.

A ce wata ƙungiya a Madarunfa ta ba ka aikin rajistar mambobinta. Ka yi Mutum, ka haifa masa Manomi da Masunci da Ɗankasuwa. Allonka ya yi tsaf, ka ji daɗi. To, ga malamin da ke noman gero da damina, ya jefa taru a tafki da rani, ya kuma tsallaka Ɗan Isa da buhunan zogalen Jiratawa zuwa Jibiya. A wane aji za ka sa shi? Irin wannan gado ba ya barin abu ya zauna aji biyu, Hibernate kuma ba ya son a sauya wa wanda aka riga aka adana aji. Ƙarshe sai ka rubuta shi sau uku, da lamba uku. Maimaicin da ka kora daga manhaja ya koma ya tare cikin bayanan kansu, inda ya fi ɓarna, domin nan ake lissafin bashin taki.

Martin Fowler ya zayyana hanyoyi uku na shimfiɗa gado a rumbun bayanai tun 2002, kowacce da kuɗinta. Tebur ɗaya ya cika da gurabe fanko. Tebur da yawa kuwa sai an ɗinke su a kowace tambaya, tsohuwar kwamfutar ofis tana nishi.

Masu kafa hujja da Andy Hunt da Dave Thomas kan haramcin maimaici su koma littafinsu na 1999. Abin da suka hana shi ne ajiye sani ɗaya a wuri biyu, ba kamannin layuka ba.

Lamba da ranar shigarwa, waɗannan a gada, ba komai. Amma sana'a a ba ta nata tebur, a ɗaura wa mutum biyu ko uku, a kwance idan kaka ta wuce.